Damina biyu da hunturu biyu ina farautar Mushtari daga tsakar gida

A ƙarshen daminar 2023 na sayi madubin hangen nesa na hannu daga wurin wani da ke shirin barin ƙasa, irin wanda ake kira Schmidt-Cassegrain, mai faɗin baki milimita 203, tare da mazauninsa mai mota wanda ke juya shi a hankali domin ya riƙa bin taurari. Na ƙara da wata 'yar kyamara ja ƙirar ZWO ASI224MC, wadda ba ta fi gwangwanin tumatir girma ba, da gilashin Barlow mai ninka girman abin da ake kallo sau biyu. Burina shi ne in ɗauki hoton duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupita, domin a ranar 3 ga Nuwamba na wannan shekarar duniyarmu za ta ratsa tsakaninta da rana, lokacin da take matsowa kusa da mu kuma take kwana a sama tun daga magariba har asuba. Na ɗauka cewa tun da kayan aiki sun haɗu, abin da ya rage bai wuce danna maɓalli ba, ashe akwai sauran rina a kaba.

Matsalar farko daga ƙasa ta taso. Irin wannan mazauni sai an saita gindinsa ya fuskanci tauraron arewa, wanda a Kano tsayinsa daga doron ƙasa bai wuce digiri 12 ba, wato katangar gidanmu da tankin ruwan maƙwabci sun rufe shi ruf. Da na kwantar da gindin zuwa wannan tsayi, sai ƙarfen nauyin da ke riƙe daidaiton madubin ya riƙa dukan ƙafar mazaunin, domin da mutanen Turai da Amurka a rai aka ƙera shi. Na juya kan mazaunin yadda ƙarfen zai sauka tsakanin ƙafafu biyu, na nemi arewa da kamfas ɗin waya, sannan na ɗiga fenti a wurare uku a kan siminti domin kada in sake wannan wahala kullum. Ga mai ɗaukar duniyoyi wannan saiti ya wadatar. Kuma abin da aka hana mu ta nan an biya mu ta can, domin a waɗannan shekaru Mushtari kusan ta tsakar ka take bi a wurinmu, inda haskenta ke ratsa iska mafi ƙaranci kafin ya iso madubi.

Wanda bai taɓa yi ba yakan yi mamaki idan ya ji cewa bidiyo ake ɗauka. Dalilin shi ne tsakaninmu da sararin samaniya akwai iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa, kowace tana karkata haske zuwa nata gefen, shi ya sa a allon kwamfuta Mushtari ke rawa kamar kwabo a ƙasan kwanon ruwa da ake girgizawa. Amma jefi-jefi iskar takan lafa na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma waɗannan lokuta ake farauta. Da manhajar FireCapture nakan ɗauki hotuna kusan 100 a daƙiƙa guda, har tsawon minti biyu, abin da ke ba ni hotuna 12,000 a fayil ɗaya mai nauyin kusan gigabayit 4. Ba na wuce minti biyu zuwa uku, saboda Mushtari tana kammala juyi a ƙasa da awa 10, idan aka daɗe sai zanen gajimarenta ya gusa ya shafe kansa. Daga nan manhajar AutoStakkert take tantance hotunan, ta zaɓi mafi kyau, misali 3,000, ta ɗora su a kan juna, domin tsaki-tsakin da kyamara ke zubawa a kowane hoto ya ragu. Ɗora hoto 100 yana rage shi kusan sau goma. Abin da ke fitowa yana da laushi amma dishi-dishi, sai a kai shi manhajar RegiStax, inda akwai madannai shida da ake ja domin fito da abin da ke ɓoye.

A waɗannan madannai shida na ɓata hunturuna na farko. Bidiyona ba su da kyau, amma na ƙi yarda, na riƙa jan madannan har ƙurya, ina ganin layuka da ɗige-ɗige suna bayyana ina murna. Gefen duniyar ya yi zobe-zobe kamar an yanka albasa, manyan ɗamarunta biyu masu ruwan ƙasa, wato layukan gajimare da suka kewaye ta, suka yi kaushi kamar an shafa su da gawayi. Wata rana na nuna wa ƙanena, wanda ya taɓa leƙa madubin da idonsa, ya daɗe yana kallon allon sannan ya ce, "Yaya, wannan ita ce wadda muka gani rannan, ko kuwa zana ta ka yi?" Na ji haushi a lokacin, amma da na jera hotuna biyu da na ɗauka minti biyar tsakani, sai na ga ɗige-ɗigen da nake alfahari da su ba su zauna wuri ɗaya a hotunan biyu ba. Manhajar ce ta ƙirƙiro su daga tsaki-tsakin kyamara, babu su a Mushtari.

Daminar 2024 ta rufe sama, ni kuma na samu lokacin komawa kan madubin kansa. Da sama ta buɗe na saita shi a kan wani tauraro mai haske, na karkatar da fokas da gangan har tauraron ya zama zobe mai baƙin rami, sai na ga ramin ya karkata gefe guda maimakon ya zauna a tsakiya. Ma'ana, daga cikin madubai biyu da ke cikinsa, ƙaramin da ke gaba ba ya kallon babban da ke baya daidai, wataƙila tun daga jijjigar hanya, kuma da shi a haka na yi shekara guda ina aiki. Kusoshi uku ne ke riƙe da shi, kuma juyin da ake yi musu bai kai kwata ba, sai a sake duba tauraron. Gyaran da na ji tsoronsa wata da watanni bai ci mini rabin awa ba. A cikin wannan zobe kuma na ga wani abu kamar hayaƙi yana tashi daga tsakiya, wato zafin ɗakin da madubin ya wuni a ciki ne yake fita. Tun daga ranar nake fitar da shi tsakar gida awa guda kafin in fara. Na kuma lura cewa rufin kwano da siminti suna amayar da zafin rana har tsakar dare, kuma duk daren da maƙwabci ya tayar da janareta, idan madubin na kallon saman gidansa, hoton tafasa yake yi. Hasken fitilun gari, wanda na zaci shi ne babban abokin gaba, bai dami duniyoyi ba ko kaɗan. Kuskure ɗaya da ba ya gyaruwa shi ne goge ƙurar gilashin gaba da na yi da hankici, wanda ya bar mini ƙarce har yau. Yanzu hura ta nake yi da 'yar robar busa iska.

Mushtari ta sake matsowa a ranar 7 ga Disamba 2024, tana da nisan sama da kilomita miliyan 600, kuma duk da girmanta, faɗinta a sama bai kai kashi ɗaya cikin 35 na faɗin wata ba. A wani dare cikin wannan wata hazo ya sauka sosai, taurarin da ake gani ba su fi a ƙirga da yatsu ba, har na yi niyyar kwanciya. Abin da ya tsayar da ni shi ne 'yan taurarin da suka rage ba sa ƙyaftawa. Na fito da bargo a kafaɗa, na daidaita fokas a kan ɗaya daga cikin manyan watanninta huɗu da Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, ya gani a 1610, har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, sannan na dawo kanta. Hazon ya rage mata haske, dole na ƙara wa kyamara ƙarfi, amma ta tsaya cak a allon, abin da ban taɓa gani ba a daren da sama ta yi garau iska na kaɗawa. Tun kafin in taɓa wata manhaja ina iya ganin lanƙwasa-lanƙwasa a gefen ɗamarar arewa. A ranar na gane cewa hasken sama daban, nutsuwar iska daban, kuma ta biyun mai wannan aiki yake nema.

Sai ga wani baƙin ɗigo, kewayayye tsaf, a kan fuskarta. Raina ya ɓaci, na ce ƙura ta shiga kyamara. Kafin in kwance ta sai na ɗan gusa madubin, ɗigon ya bi duniyar maimakon ya tsaya a wurinsa a allon, wato ba daga wurina yake ba. Na buɗe WinJUPOS, manhajar da ke nuna inda kowane wata yake, ta tabbatar mini cewa inuwar Io ce, watan da ke kewaye Mushtari cikin kusan awa 42 da rabi. Husufin rana nake kallo a wata duniya, daga gefen randar ruwan gidanmu. Na taso ƙanena daga barci, ya zo yana rawar sanyi, muka zauna fiye da awa guda muna kallon ɗigon yana jan jiki a hankali, ina ɗaukar bidiyo bayan bidiyo har kwamfutar ta cika. Da safe, da na kai hoton RegiStax, madannai biyu kawai na taɓa, su ma kaɗan, kuma duk abin da ya fito a hoto ɗaya na same shi a na gaba, ya ɗan gusa daidai da juyin duniyar.

Mirrihi, wato Mas, ta zo a tsakiyar Janairun 2025 ƙarama ƙwarai, amma farin ƙanƙarar da ke kan arewacinta ya fito sarai. Zuhal kuwa, duniyar nan mai zobe, ta same ni a shekarar da zobenta ya juyo mana da gefe, tun daga 23 ga Maris 2025, kuma kusantowarta ta faɗo a Satumba cikin gajimare, don haka abin da na samu ƙwallo ne da siririn layi ya ratsa kamar allura.

Daga baya na koma kan bidiyoyin 2023, ina fatan hannuna da ya faɗa zai tsamo wani abu daga cikinsu. Na gwada zaɓar kashi 10 cikin ɗari, na gwada kashi 50, na canza girman wuraren da AutoStakkert ke kamawa, duk dai ƙwallo mai dishi-dishi da ɗamara biyu ya riƙa dawo mini. Na share su gaba ɗaya domin in samu wurin ajiya, ban da guda ɗaya, wanda na haifar da hoton albasar nan daga cikinsa.