Yadda na kashe okid biyu kafin na uku ya yarda ya zauna

Okid wani dangin tsire-tsire ne masu fure. Toh ni dai da farko ban ma san akwai okid ƙarami haka ba, a zatona duk irin manyan nan ne masu fure kamar tafin hannu. Sai da na ga Lepanthes calodictyon, ganyensa zagaye kamar kwabo, kore, da jijiyoyi masu duhu sun saƙu a kai kamar raga, furen kuma ja ɗan mitsitsi yana zaune a kan ganyen, wallahi idan ba a nuna maka ba sai ka ce ƙwaro ne ya sauka. Asalinsa dazukan tsaunin Kolombiya da Ekwado ne, inda hazo ke lulluɓe bishiyoyi kusan kullum. Dangin Lepanthes ɗin ma sun fi 800. Ba a ƙasa yake fitowa ba, a jikin reshe yake maƙalewa cikin gansakuka, kuma ba tsotson bishiyar yake ba irin na kauci, wurin zama kawai ya ara.

Na farko ni na kashe shi da son zuciya, na ji an ce danshi yake so sai na saka shi a akwatin gilashi na rufe ruf, ina feshi safe rana dare, ina jin kaina gwani, sati biyu ba a yi ba saiwar ta yi baƙi ta yi laushi, funfuna ta rufe gansakukar, ganyen suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ashe a can tsaunin danshin tafiya yake, iska na kaɗa hazon, reshe ya jiƙe ya ɗan sha iska ya sake jiƙewa. Ni kuwa tafki na yi masa.

Na biyu kuma tsoro ya sa na rage ruwa, na bar murfin a buɗe. Kwana biyu kacal na yi ban duba ba, na dawo na tarar ganyen sun yamutse. Nan na gane abin da na tsallake: manyan okid da yawa suna da wani kumburi a gindi da suke ajiye ruwa, shi wannan ba shi da ko ɗaya, siririn kara ne da ganye ɗaya a kansa shi ke nan. Saiwar kuma kamar zare. Ta bushe sau ɗaya an gama.

Sai a na uku na nutsu. Na ɗaure shi a jikin ɓawon itace da gansakuka 'yar kaɗan ƙarƙashin saiwar, ba tuli ba, na rataye a cikin gilashin, na samo ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta na saka ta tana juya iskar dare da rana amma ba ta hura shi kai tsaye. Na sa na'urar auna danshi, ina ƙoƙarin kar ya sauka ƙasa da kashi 80. Ruwa kuwa na sama kawai, don na famfo yana barin farin gishiri a gansakuka kuma bakin saiwar ya ƙone. Taki ma sai na tsinka shi sosai. Abin da ya fi ba ni wahala zafi ne gaskiya, ɗan tsauni ne, yana son dare ya yi sanyi, ranakun da ɗakin ya ɗau zafi sai in daskarar da ruwa a gora in jingina a gefen gilashin. Haske kuma na inuwa, rana ta taɓa shi kai tsaye ta dafa shi.

Wani abu da nake ganin ya kamata mutum ya kiyaye, kar ka sayi wanda aka ciro daga daji. Yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashe suka ƙulla kan cinikin tsirrai da dabbobin daji, ta shafi okid gaba ɗaya, tsallaka iyaka da su sai da takarda, nawa na ukun daga wurin masu renonsu ya fito. Kuma kar ka ce za ka shuka irin, ƙura ce kawai, babu abinci a cikinta, a daji sai wani naman gwari, wato dangin funfuna, ya ciyar da ita kafin ta tsiro.

Bayan wata huɗu sabon ganye ya fito, sai ga wani ɗigo ja a tsakiyarsa. Na ɗauko gilashin ƙara girma na duƙa har wuyana ya ƙage, furen da bai kai ƙwayar shinkafa ba ashe yana da 'yan gashi a gefe da wasu siraran ƙahoni. A wasu danginsa an gano namijin wani ɗan ƙaramin ƙuda ne ke zuwa yana zaton mace ya samu, a haka yake kwashe garin furen ya kai wa wani. Nawa dai babu ƙudan da ya zo, kwana kaɗan ya bushe, wani ya fito a daidai wurin. Yanzu ganye tara ne, kuma fankar ta fara ƙara, sai na nemo wata kafin ta tsaya min cikin dare.