Ɗan Zariya a Kan Falwayoyin Kumasi

Ba aikin wuta ne ya kawo ni Kumasi ba, ko da yake shi na koya a Zariya. Kawuna ne ya kira ni in riƙe masa lissafin goro, sana'ar da ta daɗe tana jawo Hausawa ƙasar Asante, a Ghana. Da kasuwar ta ja baya, wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya haɗa ni da ɗan kwangilar da ke saka mita da gyaran layi ga kamfanin raba wutar lantarki.

Takardu sun fi aikin wuyar samu. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Najeriya kwana 90 ba tare da biza ba, amma zama da aiki sai da izinin hukumar shige da fice, ga kuma katin shaida na baƙi da ake yanka kuɗinsa da dala, a sabunta duk shekara. Ɗaki ma haka. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da hayar wata 6 a gaba, amma duk ƙofar da na ƙwanƙwasa a unguwar Aboabo ta shekara biyu ake nema. Wata Hajiya mai sayar da koko da ƙosai ce ta ji tausayina, ta ba ni ɗakin ɗanta da ya tafi Accra, ta ce in riƙa biya wata-wata.

A wurin aiki ni kaɗai ne ɗan Najeriya. Yawancin abokan aikina Asante ne, Twi suke yi a tsakaninsu, Turanci sai in shugaba ya leƙo. Da safe ana duba safar hannu da ɗamara da hular kwano kafin mota ta tashi, kuma babu mai taɓa waya sai an zare fis a taransifoma an gwada an ga layin ya mutu. Na ga mutum ya rasa aikin yini guda saboda safarsa ta huje. Da farko na ɗauka tsanani ne, yanzu ni ma ba na hawa falwaya da wanda ke wasa da wannan.

A motar nan na koyi tarihin wutar Ghana, domin ba su gajiya da ba da shi. Alfaharinsu madatsar Akosombo ce, wadda aka kammala a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a farkon 1966. Hukumar VRA ke kula da ita, kamfanin GRIDCo ke ɗauko wutar a manyan layuka, mu kuma muna can ƙarshe, inda waya ke shiga gidan mutum. Sai dai yau ruwa kaɗai ba ya riƙe ƙasar, tashoshin gas na Tema da Aboadze ne ke ɗaukar babban kaso, kuma wani ɓangare na gas ɗin ta bututu yake zuwa daga Najeriya. A watan Agusta na 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun a gaɓar Lome, aka shiga shekarun yawan ɗauke wuta da suke kira dumsor. A 2015 sai a ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Babban cikinmu ya ce a lokacin cire rigar aiki yake yi ya cusa a jaka kafin ya shiga trotro, ƙaramar motar haya, don gudun fushin jama'a. Har yanzu in wuta ta ɗauke sai su juyo su ce, "Malam, mutanenku sun rufe famfo." Ni da na tashi da NEPA dariya kawai nake yi.

Hausata ce ta sa aka riƙa tura ni zango: Aboabo, Asawase, Sawaba. Shugaba ya ga riba, tunda tsofaffi da yawa sun fi sakin jiki da mai jin Hausa. Abin da bai hango ba shi ne, a zango mai jin Hausa ɗan gida ne, kuma ɗan gida ba a sa ran ya yanke wa uwarsa wuta.

Sai ka shiga gidajen hayar nan za ka gane inda rigimar take. Tsakar gida ɗaya, ɗakuna goma sha wani abu, mita ɗaya. Da kuɗin wata ya zo sai a zauna a ƙirga kayan kowa: ƙwan fitila maki ɗaya, fanka ɗaya, talabijin ɗaya, firji biyu ko uku, dutsen guga kuwa a yi ta musu a kansa. A raba kuɗin bisa makin. Kowa na zargin maƙwabcinsa da ɓoye hita a ƙarƙashin gado. In mutum biyu suka ƙi biya, bashi ya hau kan gidan duka. Inda aka saka mita mai kati kuma, kuɗi na ƙarewa gida ya yi duhu, a tsaya ana kallon juna a ga wa zai fara ciro waya ya sayo ta MoMo, wato hanyar biyan kuɗi ta wayar hannu. Daga nan ne wani ke kiran yaron unguwa da dare ya zagaye mitar da guntuwar waya.

Irin wannan wayar na tarar a gidan Hajiya. Ba wanda ya tura ni, warin roba na ji a zaure, na buɗe akwatin na ga siririyar waya ta yi baƙi, rufinta ya narke, tana ɗauke da firji uku da injin markaɗe. Na same ta tana kwashe ƙosai.

"Hajiya, wayar nan sai an cire ta yau."

"Ɗana, kai ma? Kowa a layin nan haka ya yi. Ka rufe ido mana."

"In na rufe ido, Hajiya, a ɗakin nan nake kwana. Ni za ta fara ci."

Ba ta yi dariya ba. Na cire wayar, kuma mako ya zagayo ba a aiko mini da koko ba. Masu haya suka daina amsa gaisuwata da kyau, wani ma ya tuna mini cewa ni baƙo ne. Maganar tana da nauyi a nan. Tsofaffin zango ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, Asante kuma suna tuna 1983 da Najeriya ta koro 'yan Ghana.

Ba na ganin mutanen gidan a matsayin ɓarayi. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, sidi, kuɗin Ghana, ya zube, kuɗin wuta ya tashi, mai ƙosai ba ta da inda za ta ƙara. Amma mita ɗaya ga iyali goma sha biyu zalunci ne ga mai fitila ɗaya, shi ke biya wa mai firji. Don haka na karɓo takardun neman mita daban, muka zauna bayan isha'i ina cike wa kowa nasa. An jira watanni, wasu har sun fid da rai, kafin mitoci huɗu su fito. Hajiya ta samu nata. Da ta ga abin da take ci ita kaɗai, da kanta ta sayar da tsohon firjin da ke shanye mata kuɗi.

Labari ya bazu, yanzu bayan sallar Juma'a ba na kaiwa bakin titi sai an tare ni da takardar kuɗin wuta a ninke a aljihu, a ce in duba ko an cuce su. Wani lokaci an yi kuskure, in nuna musu ofishin da za su je. Sau da yawa kuwa lissafin daidai ne, sai in faɗa, a tafi ana gunaguni. Twi ɗina ya kai in yi ciniki a kasuwar Kejetia, fufu dai har yau taunawa nake yi, abokan aiki na ta tsiya. Sauran ɗakuna takwas na gidanmu suna kan tsohuwar mita, kuma a zaman watan jiya an tashi baram-baram a kan ko tukunyar dafa shinkafa maki ɗaya ce ko biyu.