Ranar da muka zauna da likitar idon Baba

Talata. Da sassafe muka tafi asibiti, Baba riƙe da hannuna a kan matakala kamar ba shi ne ya koya min tafiya ba. Hawan jinin ido ke damunsa, wato ruwa ya taru a cikin ido matsinsa ya yi yawa. Da aka auna, matsin idonsa na dama ya kai 28, duk da magani iri uku da yake ɗigawa kullum. Likita ta ce lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21. Ga kuma yanar ido ta rufe shi. Shawararta a yi aiki biyu a zama ɗaya: a cire yanar a sa madubin roba, sannan a buɗe wata 'yar ƙofa a farin ido, ruwan da ke taruwa ya riƙa fita yana kwanciya a ɗan bororo ƙarƙashin fatar ido ta sama.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, babban abokin gābar aikin nan warkewa ce. Jiki ba ya barin rauni a buɗe. Yana yin tabo, ƙofar ta toshe, matsi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Ta ce hanya biyu ce. Ko a jiƙa ɗan soso da mitomaisin, maganin da asalinsa na cutar daji ne, a ɗora a wurin minti biyu ko uku, a wanke tas. Yana hana tabo sosai, amma wani lokaci yakan yi yawa: fatar bororon ta yi siriri, ta riƙa yoyo, ƙwayar cuta ta samu hanya, ko matsin ya faɗi ƙasa da yadda ake so. Ko kuma a dasa wani ɗan faifai mai ramuka kamar soso, Ologen, wanda ke sa naman ya warke a warwatse maimakon ya haɗe ya toshe, shi kuma ya narke cikin 'yan watanni. Daga jikin alade ake samo sinadarinsa, ta faɗa mana tun kafin mu tambaya. Baba ya ɗan gyara zama.

"To likita, da mahaifinki ne, wanne za ki zaɓa?"

Ta yi murmushi. Ta ce mitomaisin ta fi sabawa da shi, an daɗe ana aiki da shi, ta san halinsa. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da abin da hannunta ya saba.

Sai ya tambayi abin da nake tsoro: zai koma gani kamar da? Ta ce abin da yanar ta rufe zai dawo, amma wanda hawan jinin ido ya cinye a jijiyar gani ya tafi kenan, aikin don a tsare saura ne. Har muka iso gida bai ce uffan ba. Ƙarfe tara ya kira ni, kwalbar magani a hannu, ya ce in zo in ɗiga masa, hannunsa na rawa.