Kwana biyu a Kembirij, a gaban kundin Matthew Holmes

Yau kwana tara da dawowata daga Ingila, kuma duk wanda ya zo yi mini barka da sauka, labarin littafi guda nake ba shi, wani tsohon kundin kiɗa da Matthew Holmes ya rubuta da hannu. Na ga gara in rubuta tun abin yana da ɗumi a raina.

Taron kwana huɗu ne ya kai ni Landan, kan adana tsofaffin rubuce-rubucen hannu, aikin da nake yi a gida da kundayen ajami. A gidan Baffana na sauka, ƙanen mahaifina, wanda ya daɗe a can. Ranar ƙarshe ta taron, muna shan shayi, wata mata mai gyaran tsofaffin takardu ta tambaye ni ko mu ma muna rubuta kiɗa. Na ce mata waƙa kam muna rubutawa tun zamanin Shehu da Nana Asma'u, amma kiɗa a yatsa yake da kunne. Na ba ta labarin kakana na wajen uwa, makaɗin garaya ne na maharba, ya rasu ina shekara tara, yau a gidanmu ba mai iya kaɗa take ɗaya daga cikin nasa. Ta yi shiru, sannan ta yagi takarda ta rubuta Dd.2.11. Ta ce in tafi ɗakin karatu na Jami'ar Kembirij in nemi wannan lamba. Ita ce ta rubuta mini wasiƙar gabatarwa a daren.

Da asuba Baffa ya raka ni tasha. Ya ce, "Ɗana, ka dubi lokacin da ke kan tikitinka, nan ba kamar gida ba ne." Na ji, amma ban fahimta ba. Ashe tikitin jirgin ƙasa a can farashinsa na bin sa'a: na sassafe, lokacin masu zuwa aiki, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ni mai arha na saya, na shiga jirgin masu tsada. Mai duba tikiti ya zo, ba gaisuwa, ba ya ko kallon fuskata. Na fara yi masa bayani cewa baƙo ne ni, ya katse ni da murya mai ƙarfi, har mutanen kujerun gaba suka waiwayo. Na biya cikon, ban yi musu ba, domin laifin nawa ne. Amma tsawar ta mene ne? A tashar motarmu, duk rashin haƙurin kwandasta, idan ka ce masa kai baƙo ne zai sassauta, wani fasinja ma ya sa baki. A jirgin nan kowa ya mayar da ido kan wayarsa.

Tafiyar ba ta kai sa'a guda ba. Kembirij gari ne na kekuna, tsoho da yaro, malami da ɗalibi, kowa a kan keke. Na tsallaka kogin Kam, inda samari ke tura kwale-kwale da doguwar sanda kamar masunta a Yawuri, sai ga hasumiyar ɗakin karatun, ta jan bulo, tun 1934 take tsaye. Suka duba fasfo da wasiƙata, suka ɗauki hotona, suka ba ni kati. Jaka a akwatin ajiya, biro ma haka. Fensir kaɗai ke shiga. A nan na ga wata Ingila dabam da ta cikin jirgi. Matashiyar da ke kan teburin ɗakin kundaye sai da ta maimaita sunana sau biyu har ta faɗe shi daidai.

Aka kawo littafin, aka kwantar da shi kan matasan soso don kada gadon bayansa ya wahala, aka miƙo mini wata igiya mai nauyi, kamar carbi, ta danne shafi. Na buɗe. Ganye wajen ɗari ne, gefen wasu ya ci, an yi musu gyara. Tawadar ta koma ruwan ƙasa irin ta kundayenmu. Abin da ya fara kama idona shi ne cunkoso. Mutumin nan ba ya barin fili. Inda kiɗa ya ƙare a tsakiyar shafi, sai ya cusa wani gajere a ragowar. Na san wannan halin. Haka malamanmu na dā suke yi wa takarda, saboda tsadarta, har gefe sai sun cika. Amma ban iya karanta komai ba. Layuka shida ne a jere, ƙananan haruffa a kansu, a, b, c, d, sama kuma wasu 'yan sanduna masu tuta. Na zauna kusan sa'a biyu ina juya ganye a hankali kamar wanda aka ba wasiƙa da harshen da bai ji.

Da rana na fita ɗakin shayi. Kofi ɗaya da ɗan biredi, idan ka juya kuɗin zuwa naira, cefanen gida ne na yini. Wannan lissafin bai bar ni ba har na baro ƙasar. Ina zaune wani dattijo mai farin gashi, wanda na lura da shi a teburin da ke kusa da nawa a ciki, ya nemi izinin zama. Ya ce ya ga abin da nake dubawa, shekara arba'in yana kaɗa abin da ke cikinsa. Ya ɗauki takardar goge hannu ya ja layi shida. Kowane layi tsirkiya ce ta lut, molon Turawan wancan zamani. Harafin a na nufin ka kaɗa tsirkiyar a sake, b ka danne a ɗauri na farko da ke wuyan molon, c na biyu, haka har sama. Sandunan nan masu tuta su ke faɗin tsawon kowane bugu. Wato rubutun ba sauti yake nunawa ba, wurin da yatsa zai sauka yake nunawa. Cikin minti biyar na gane abin da ya gagare ni tun safe, kuma gabana ya faɗi, don na ga cewa da layi biyu kacal da an rubuta garayar kakana.

Dattijon ya ce ba a gane littafin sai an ji shi, in zo gidansa da yamma. Na ce sai na yi salla. Ya kwatanta mini masallacin da ke titin Mill, wanda aka buɗe a 2019, ginshiƙansa na katako sun miƙe sun rarrabu a sama kamar rassan itatuwa. Na yi salla a can, na sayi dabino a wani shago kusa don kada in shiga gidan mutane hannu rabbana.

Matarsa ta riga ta tambaye shi abin da nake ci da wanda ba na ci. Kifi ta gasa da dankali, da miyar ganye. Gishiri bai ji ba, barkono babu ko alama, amma na cinye tas saboda yadda aka ba ni. Bayan abinci ya ɗauko molon. Bayansa kamar rabin ƙwarya mai tsawo, an haɗa shi da siraran katakai, ba nauyi ko kaɗan, kan wuyansa ya karye baya. Tsirkiyoyin na hanjin tumaki ne, bibbiyu a jere ban da ta sama. Ya ce sunan ma daga Larabci ya zo, al-ud, kayan kiɗan Larabawa da ya shiga Turai. Na ce masa to ashe 'yan uwa ne na nesa da molo da gurmi da garaya, da kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos mai tsirkiya ɗaya.

Yana gyara tsirkiya yana ba ni tarihin kundin. Matthew Holmes ba shahararren makaɗi ba ne. Mawaƙin coci ne kuma jagoran mawaƙa a Christ Church da ke Oksfod daga 1588, a 1597 ya koma babban cocin Westminista a Landan, yana can har ya mutu a 1621. Littafin da na gani shi ne na farko kuma mafi girma, ya fara shi ne a shekarunsa na Oksfod, akwai kiɗa sama da 300 a ciki. Ya cika wasu uku bayansa, duka huɗun sun haura kiɗa 600, ban da waɗanda ya rubuta wa ƙungiyar makaɗa masu kayan kiɗa dabam-dabam. Da yake a Kembirij littattafan suke, an daɗe ana ɗauka cewa na makaɗan garin ne. Sai a 1963 wani mai bincike, Ian Harwood, ya nuna cewa hannun Holmes ne, kuma daga Oksfod abin ya faro. Cikin alamun da aka bi har da sunan Richard Reade, wani mawaƙin Christ Church da kiɗansa ke cikin littattafan.

Me ke ciki? Raye-raye ne mafi yawa: faban mai tafiyar ƙasaita, galiyad mai tsalle. Akwai waƙoƙin titi da aka ƙawata, akwai kiɗan Francesco da Milano na Italiya, wanda ya mutu tun kafin a fara littafin da shekaru da dama, akwai na John Johnson, da Anthony Holborne, da Francis Cutting. Uwa uba John Dowland, wanda ya yi wa Sarkin Denmak kiɗa daga 1598 zuwa 1606 kafin ya samu gurbi a fadar Ingila a 1612. Dowland ya buga littattafan waƙoƙinsa, amma kiɗansa na molo zalla yawancinsa a kundayen hannu irin wannan ya tsira. Abin da ya fi burge ni shi ne da yawa daga kiɗan suna ɗauke da sunan mutum: na uwargida wance, na mai sarauta wane. Na ce masa wannan ai take ne! Mu ma kowane sarki da taken sa, kowane gwarzon maharbi da nasa. Ya kaɗa mini wanda Dowland ya yi wa Kyaftin Digorie Piper, mutumin da aka ba izinin farma jiragen Sifen a teku, ya zarce ya zama ɗan fashi. Har ɗan fashin teku an yi masa take, kuma taken na nan.

Daga nan ya kaɗa Lachrimae, wato hawaye, wanda Holmes ya rubuta fiye da sau ɗaya a littafin. Sauti huɗu ne ke gangarowa a farko, a hankali, kamar ɗigon ruwa daga indararo bayan an ɗauke sama. Muryar molon ƙasa-ƙasa ce, sai ɗaki ya yi tsit ake jin ta, har gogar yatsa a kan hanji kana ji. Ban san lokacin da na tuna zauren kakana ba, da ƙamshin fatar garaya idan ya gasa ta a bakin wuta don ta ɗaure. Dattijon ya ga idona, bai ce komai ba, ya sake kaɗawa daga farko. Da zan tafi ya naɗe wata tsohuwar tsirkiya da ta tsinke ya sa mini a ambulan. Ya kai ni masauki da motarsa, ya ƙi karɓar ko godiya mai tsawo.

Washegari na koma na nemi sauran kundayen, yanzu da ido mai gani. A na biyu Holmes ya fara gajarta komai, sunan makaɗi ya koma haruffa biyu, J.D. ko F.C., kamar mai rubuta wa kansa. A na ƙarshe hannun ya tsufa, ana gani. A na uku kuwa akwai wata 'yar rubutacciyar buƙata mai shekarar 1600, ana roƙon a yi wa wani mara lafiya addu'a, mazaunin wani lungu a Westminista da ake kira Lungun Sata. Na daɗe a kan wannan. Sau nawa na buɗe kundin fiƙihu a gida na tarar da laƙanin ciwon ciki, ko lissafin bashin gero, ko ranar haihuwar ɗa a bayan ganye? Irin waɗannan ne ke gaya maka littafi a hannun wa ya zauna, kuma su ne masu gado ke fara yagewa wai datti ne.

Gaskiya abin ya yi mini ciwo. Takardar mutumin nan ta haura shekara 400 tana kwance kan soso, a ɗaki mai sanyi daidai, an ɗauki hotonta an sa a intanet kowa ya gani kyauta. Ni kuwa a bara na buɗe gafaka a wani gida na tarar gara ta mayar da rabin kundi gari. Ba wai sun fi mu son kakanni ba ne. Kuɗi ne, da ɗaki, da wanda ake biya ya zauna ya kula.

Oksfod na je yini ɗaya. Sai ka biya kafin ka shiga Christ Church, na biya, na tsaya inda mawaƙa ke tsayawa, jama'a sun yi yawa, na fito. A Westminista kuɗin shiga ya fi ƙarfina, daga waje na kalla. Baffa ya kai ni unguwar Blackfriars a Landan, inda aka binne Dowland a wani coci a 1626. Cocin ya ƙone a gobarar 1666, ɗan fili ne ya rage tsakanin ofisoshi. Sauran kwanakin sayayyar tsaraba ce da ruwan sama.

Shekaranjiya na je ƙauye gaishe da Kawu. Na ce, "Kawu, ina garayar Kaka?" Ya shiga ɗaki ya fito da ita, fatar ta yage, tsirkiya babu. Ya ce akwai wani tsoho a ƙauyen gaba da ya yi wa Kaka amshi yana yaro, idonsa ya tafi amma yana iya rera take biyu ko uku da baki. Na bar garayar a wajen mai gyara. Ranar Asabar zan koma da waya, da fensir, da takardun da na riga na ja wa layi bibbiyu.