Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya mun tsaya a inda na bar gyaran waya a kasuwar Computer Village ta Ikeja na koma Yaba koyon rubuta manhaja, to yau labarin ogana zan ba ku, don wallahi rabin abin da na sani a sana'ar nan daga bakinsa na tsinta.

Bazazzage ne amma a Legas ya yi furfura. Ofishinmu ɗaki biyu ne kusa da titin Herbert Macaulay, ba nisa da cibiyar fasahar nan ta CcHub da Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarta a 2016, ni kuma daga Agege nake tasowa bayan asuba, danfo zuwa Oshodi in sake wata. In manhaja ta ƙi aiki yaro ya ce "Oga ina ganin netwok ne", sai ya cire tabarau ya ce "kana gani ko ka gani? Gani ya kori ji, buɗo rajistar saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, ka karanto min abin da ta rubuta." Ya kan ce kwamfuta ba ta san kara ba, abin da ka rubuta take yi, ba ruwanta da abin da kake nufi. Kuma ko shi ya yi hasashe sai an gwada, bai yarda a ce ai Oga ne ya faɗa ba.

A 2021 wani Alhaji ya zo da aiki mai tsoka, manhajar ba da rance yake so, irin wadda za ka danna kuɗi su faɗo asusunka cikin minti kaɗan. Komai lafiya har ya zo kan sharaɗi, wai duk wanda ya sauke ta sai ta kwashe lambobin da ke wayarsa kaf, da hotuna da saƙonni. Oga ya ce na mene ne? Ya ce ai su ne jinginarmu.

Ni fa jikina ya yi sanyi, saboda na ga abin da idona. Akwai maƙwabcinmu mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, mutum mai kamun kai, ya ranci 'yan dubbai a irin wannan manhaja kaya suka ruɓe masa ya yi lattin biya, kawai sai saƙo ya isa wayar surukinsa a Funtua da ta limamin unguwarmu, da hotonsa a jiki, wai ɓarawo ne ana nemansa. Bawan Allahn nan ya daina zuwa jam'i, sai ya tabbatar an watse yake shiga masallaci ya yi tasa shi kaɗai.

Oga bai ɗaga murya ba. Ya ce "Alhaji, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya ci bashi shi ya danna ya yarda, to mutanen da ke cikin wayarsa wa ya tambaye su?" Ya tuna masa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da ƙa'idar kare bayanai tun 2019, Alhaji ya yi dariya ya ce takarda ce. A lokacin kam kusan haka ne, sai a 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fara kai samame ofisoshin masu irin wannan rance a nan Legas, a 2023 Google ya hana manhajojin rance taɓa lambobi da hotunan mutane, a watan Yunin shekarar kuma Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanai. Amma Oga bai jira duk wannan ba, kuma har gobe ina ganin girmansa a kan haka, don a ranar ko kuɗin dizal ba mu da shi.

Da Alhaji ya fita a fusace sai Oga ya sa muka buɗe rumbun bayanan duk ayyukanmu muna bi layi-layi, wannan BVN ɗin me ya kawo shi, wannan adireshin gidan wa ke amfani da shi, duk abin da ba a samu amsa ba a goge, wai abin da ba ka ajiye ba ɓarawo ba zai sace shi a hannunka ba.

Watan nan rabin albashi muka karɓa, ga kuɗin haya ya taso, ga Inna ba lafiya a gida. Ina cikin wannan hali wani dare wayata ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji muryar Alhajin nan yana kiran cikakken sunana, ni kuma ban taɓa ba shi lambata ba. Abin da ya ce min sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.