Asabar: dambu da rabon kwanuka

Hazo ya sauka sosai yau a Kano, har ƙarfe tara rana ba ta fito da ƙarfinta ba. Yara babu boko, Islamiyya kawai suka tafi, saboda haka karin kumallo bai ba ni wahala ba. Kunun tsamiya na dama, aka sayo ƙosai a bakin layi, aka wuce wurin. Aikin da ke gabana dambu ne. Ƙanwar maigidan ta aiko mana da busasshen zogale daga ƙauye, irin wanda aka shanya a inuwa, kore shar, rana ba ta ƙona shi ba. Ga kuma masarar bana da aka auno mini a Dawanau, na bayar aka surfa aka ɓarzo.

Amaryar gidan da ke jikin namu ta daɗe tana roƙona in kira ta duk ranar da zan ɗora madambaci. Sai ga ta da waya a hannu, wai za ta riƙa rubutawa. Tambayarta ta farko: "Anti, tsaki kofi nawa, ruwa kofi nawa?" Na ce ta ajiye wayar a kan taga ta wanke hannu. Ba rowa nake mata ba. Tururi ne ke dafa dambu, kuma ruwan da tsaki zai sha ya danganta da irin ɓarzar da aka yi masa, da ko hatsin sabo ne ko ya kwana biyu a buhu. Sai hannu ya shiga ciki ake ganewa.

Muka fara da tankaɗe tsakin a rariya, don garin da ke maƙale a jikinsa shi ne ke sa dambu ya cuɗe. Muka wanke, muka rege saboda tsakuwa, muka zuba a kwando ya tsane. Na masara yana son ya ɗan jima da danshi a jikinsa kafin ya hau wuta. Na nuna mata iyakar ruwan tukunya: kada ya taɓa gindin madambaci, in ya taɓa, ƙasan ya zama fate tun sama bai ji ɗumi ba. Inda bakin tukunya ya haɗu da madambaci kuma muka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta. In aka bar wurin a sake, tururin ta gefe zai yi ta zurarewa, gawayi na cinyewa tsaki na nan ɗanye. Mata da yawa buhu ko leda suke shimfiɗawa a sama kafin murfi. Ni dai ban yarda da leda a kan abinci mai zafi ba. Farin ƙyalle gare ni da ba ya wani aiki sai wannan.

Turarawar farko tsaki ne zalla. Da ya kumbura ƙamshin masara ya tashi, muka juye a faffaɗar roba, na ba ta mara ta wargaza shi. A nan ne dambu ke yin kyau ko ya lalace, wajen yayyafa ruwa. Mai tsoron ruwa nata zai fito da tauri, a ci ana neman abin korawa. Mai sakin hannu kuma nata ya caɓe. Na ce ta yayyafa kaɗan, ta juya, ta jira ya shanye, ta ƙara. Sannan ta damƙi kaɗan a tafin hannu: in ya kama jikinsa, kuma da ta taɓa shi da yatsa ya watse, to ya yi. Na ga fuskarta lokacin da ta ji shi a hannunta, ban ƙara mata bayani ba.

Zogalen tun da wuri na jiƙa shi da ruwan zafi, na tsince itatuwan, na matse. Shi muka zuba, da albasa mai yawa, da jajjagen attarugu da tattasai, da dakakkiyar gyaɗa, gishiri da dunƙule. Ina cikin tsiyaya man gyaɗa sai ga sallamar Hajiya, tsohuwar da ke gidan ƙarshen layi, ta zo aron turmi. Muka gaisa, ya sanyi, ya ƙafa, amarya ta durƙusa ta gaishe ta. Idonta dai na kan robar.

"'Yar nan, man da kike zubawa tun yanzu, da wanne za a ci?"

Na ce, "Hajiya, kaɗan ne, don ya warware."

Ta ce a zamaninsu da madambacin ƙasa ake yi, ba a sa wa dambu mai sai ya sauka a akushi, kuma bai taɓa ƙin warwarewa ba. Wani lokaci ma na gero ne zalla, a kwaɓa da nono a sha. Ban ja da ita ba, ban kuma fasa ba. A ganina ɗan man nan a turarawa ta biyu yana hana tsakin mannewa, yana kuma shigar da ɗanɗanon albasa cikinsa. Ta ɗauki turminta tana cewa mu 'yan zamani komai sai mun jiƙa shi da mai.

Kafin azahar ya sauka. Na soya mai da albasa har ta yi ja, na fito da yajin ƙuli, muka hau rabo. Kwanon Hajiya, na mai jegon gidan da ke kallonmu, na maƙwabciyata Babarbariya, na amarya da angonta, sai na almajirinmu da ke jiran nasa tun hantsi. Amarya ta yi ta kallona, can ta ce, "Anti, dambu kawai za a kai musu, babu ko ɗan nama?"

Maganar nan ta tsaya mini a rai duk yinin. A gidan da na tashi a cikin birni, da an idar da magariba kowane gida zai fito da kwanonsa ƙofar gida, maza su haɗu su ci tare, mata kuma yara na ta kai da kawowa tsakanin gidaje. Mafi yawan abin da ke cikin kwanukan tuwon dawa ne da miyar kuka, wata rana ko man shanu babu. Ba wanda ya ji kunya. Ta nan ma ake sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba, a tura musu ba tare da sun buɗe baki ba. Yanzu ana cewa tsada ce ta kashe ciyayya, kuma gaskiya ne tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya rage hannu a wajen awo. Amma ni ina ganin kunya ta fi tsada yi mata illa. Mun saba ganin hoton kaji da soyayyar shinkafa a WhatsApp har mace ta ɗauka abin da bai kai haka ba bai isa ya ƙetare ƙofa ba. Ga kuma sababbin unguwanni, kowa da doguwar katanga da get, sai yaro ya yi ta bugu kafin a buɗe.

Na mai jegon ni na kai da kaina. Na tarar da kakarta ta cika mata kofi da kunun kanwa, har ya yi duhu don yawanta. Na ja uwar jaririn gefe na ce ta sha kaɗan. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa yawan kunun kanwa, haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, suna da hannu a kumburi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kanwa tana tara ruwa a jiki yadda yawan gishiri ke yi. A gaban tsohuwar kuwa ban ce uffan ba, sai dai na yi alkawarin kunun gyaɗa gobe.

Da la'asar kwanuka suka fara dawowa. Hajiya ta sako mini daddawa 'yar kalwa a nata, ta kuma aiko jikanta ya ce wai dambun ba laifi. Daga bakinta wannan babban yabo ne. Babarbariya ta cika nata da burabuskon gero da miyar yakuwa da kifi banda. Miyar ta ba ni mamaki, tsaminta daidai, ba ya kama haƙori. Na leƙa na tambaye ta. Ta ce daban take tafasa yakuwar ta zubar da ruwan farko, sannan ta haɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Kifin kuma ta jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri ta wanke yashin kafin ta ɓare. Ni kanwa nake ɗan jefawa don kashe tsami, tana kuma ɓata wa miya launi. Zan gwada nata.

Burabuskon ne ya zama abincin darenmu, ban ƙara ɗora komai ba. Maigidan ya ci burabusko ya haɗa da sauran dambu, yara suka yi ta rigima a kan kifi. Aka ɗauke wuta bayan isha'i, na sake tafasa ragowar miyar don kada ta kwana ta yi tsami.

Ina shirin kwanciya saƙon amarya ya shigo: ango ya ce a maimaita, za ta yi ranar Talata da tsakin shinkafa. Na ce ta rage ruwa sosai, shinkafa ba ta da haƙurin masara, kuma ta kai wa Hajiya ko da cokali biyu ne. Madambaci zan ara mata. Ƙyallen dai ta nemi nata.