Wutar safe da wutar yamma

Asabar, cikin hunturu.

Gas ya ƙare tun daren jiya ana tsakiyar miya, shi ya sa yau da asuba ni aka tasa in hura gawayi. Sanyin Zariya na bana ba a magana, yatsuna kamar ba nawa ba. Na cika kurfoti taf na danna, na ƙyasta ashana iska ta kashe, ta biyu ta cinye har ta lashi yatsana, gawayi ko gezau. Sai da na ɓarar da tsinke bakwai. Inna na bakin ƙofa da carbinta tana kallona, can ta ce, "Ke 'yar boko, kin shaƙe ta. Ita ma wuta numfashi take yi." Ta taso ta zazzage tokar jiya da ta toshe ramukan ƙasa, ta rage gawayin, ta cusa kara da ɓawon gyaɗa a tsakiya ta kunna, ta miƙo min mafici. Kafin a yi haka ya yi jawur.

Kunya ta kama ni, don wannan darasin na rubuta shi a jarrabawa, na kuma ci. Abu uku wuta ke nema: abin da za ta ci, iskar oksijin, sai zafin da zai tayar da ita. Ni na ba ta abinci har ya yi yawa, na toshe mata iska, sannan na zo da ɗan zafin tsinken ashana ina son ya tayar da dunƙulen gawayi. Kara siriri ne, nan da nan yake ɗaukar zafi, shi zai ci ya miƙa wa gawayi. Ɗanyen itace kuwa da ke sa mu hawaye, zafin ne ke ƙarewa wajen ƙafar da ruwan jikinsa, sai hayaƙi kawai.

Ina fifita Auta ya tsugunna gefena ya ce, "Yaya, me ya sa iska ta kashe ashana amma ta hura gawayi?" Wallahi sai da na yi jim. Harshen ashana ɗan mitsitsi ne, iska na kaɗawa ta kwashe masa zafin. Garwashi kuwa ya riga ya riƙe zafi a cikinsa, abin da yake jira sabuwar iska ce. Oksijin ɗin ma kashi 21 cikin 100 ne kawai na iskar da muke shaƙa, saura mafi yawa naitirojin ne da ba ya tsinana wa wuta komai, don haka dole a yi ta turo mata. Aikin da zuga-zugi ke yi a maƙera ke nan.

Da hantsi na ce bari in wanke kaina a wurin yaron. Na kunna guntun kyandir a faranti na kife shi da kofin gilashi, muna ƙirgawa harshen ya lanƙwashe ya mutu. Muka sake da babbar kwalba, ya fi daɗewa. Na ba shi labarin Antoine Lavoisier na Faransa, wanda ya raɗa wa oksijin suna a 1777, a lokacin da masanan Turai ke ganin wani abu ne ke ficewa daga jikin abin da ke ƙonewa. Kuskuren da na yi shi ne faɗa masa an fille wa mutumin kai a 1794, zamanin juyin juya halin ƙasar. Daga nan duk tambayoyinsa suka koma kan wuya.

Bayan la'asar ne hankali ya tashi. Ƙanwata ta ɗora mai za ta soya awara, ta tafi ta zauna da waya. Ina ɗaki na ji ƙauri, kafin in fito kasko ya kama, harshen wuta ya kai tsayin ƙuguna. Ita kuwa ta sheƙa da gudu ta suri bokitin ruwa. Ban san ina da murya haka ba sai da na ji na ƙwala, "Kar ki zuba!" Inna ba ta ce uffan ba, ta ɗauko murfin babbar tukunyar tuwo ta zura a hankali ta rufe kaskon. Shiru. Ƙanwata ta kai hannu za ta leƙa, Inna ta buge hannun: "Bar shi ya huce, yanzu kika buɗe za ta tashi."

Har yanzu gabana na faɗuwa in na tuna bokitin nan. Ruwa na tafasa a digiri 100, man da ya kama wuta ya haura 300. Ruwan ya fi mai nauyi, sai ya nutse ƙasa ya zama tururi nan take, ya kumbura wajen ninki 1,700, ya watso man yana ci a fuskar mai zubawa. A kan itace ruwa na aiki, don zafin yake kwashewa. A kan mai, iskar ake toshewa, wato abin da na yi wa gawayi da asuba ba da niyya ba.

Da Baba ya dawo aka ba shi labari, ya yi salati ya tuno gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ya ce daga yau ba waya a madafi.

Yanzu da dare ita dai ƙanwar tawa ta zo wai a shigo da sauran garwashin ɗaki mu ji ɗumi, a rufe ƙofa da taga. Na ce ba da ni ba. Gawayi in bai samu isasshiyar iska ba, wata iska mai guba yake fitarwa, ba wari ba launi, mutum yana barci ta tafi da shi. Ta yi ta gunguni, na cilla mata bargona na biyu. Awarar dai ba mu ci ba, kaskon kuma na jiƙe a bayan ɗaki, ita za ta kankare da safe.